Kafin Hannu Ya Kai Bakin Kwando

  Ina gaida na Hausa Zango da na Moshi Zango a nan Tamale. Ina gaida na Aboabo da Sakasaka, da na Lamashegu, da Zogbeli, da Kalpohin, har zuwa Savelugu da duk inda muryar nan ta kai. 'Yan uwanmu Dagomba, aniwula.

Shirin yau na 'yan ƙwallon kwando ne. Amma iyaye, kada ku kashe rediyo. Malaman wasanni na makarantu, ku matso kusa. Maganar ta shafe ku, domin gwiwoyin 'ya'yanku za mu tattauna.

Duk wanda ya bi ta filin ƙwallon kwando bayan La'asar ya ga abin da zan faɗa. An tashi daga wasa, amma samari uku ko huɗu sun ƙi tafiya gida. Wannan ya ja da baya, ya sheƙo a guje, ya daka tsalle, ya taɓa raga. Wancan ya zo, ɗan yatsansa ya shafi ƙarfen zobe, abokai su ɗauki ihu. Haka za su yi ta yi har a kira Magariba. Gobe su dawo, jibi su dawo. Burinsu ɗaya ne, abin da 'yan wasa ke kira dank. Wato ka tashi sama da ƙwallo a hannu, hannunka ya wuce bakin kwando, ka danna ta ciki daga sama.

Buri ne mai kyau, kuma ina tare da su. Sai dai hanyar da yawancinsu suka ɗauka, tsalle kullum a kan siminti, ta fi saurin kai mutum asibiti a kan ta kai shi bakin kwando. Akwai hanyar da ta fi ta. A koyi sauka, a gina ƙarfi, a yi tsalle kaɗan amma da iyakar ƙarfi, a huta. Ita za mu bi yau, daki-daki.

Mu fara da awo.

A shekarar 1891 wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ya ƙirƙiro wasan nan a garin Springfield na ƙasar Amurka. Ya kafa kwandunan 'ya'yan itace a jikin barandar ɗakin motsa jiki. Tsayin barandar ƙafa 10 ne. Har yau a nan zoben yake: ƙafa 10, wato mita 3 da santimita 5. Ku riƙe wannan adadi. Mita 3 da santimita 5.

Taɓa zobe daban, dank daban. Kafin ƙwallo ta shiga daga sama, sai yatsunka sun wuce zoben da kamar santimita 15. Ke nan abin da kake nema mita 3 da santimita 20 ne.

To, ƙanena, ga aikin farko. Nemi bango mai tsawo, a wurin da ƙasa take a daidaice. Shafa alli ko gawayi a yatsunka. Tsaya a gefen bangon, dugaduganka a ƙasa, ka miƙa hannu iyakar miƙawa, ka yi alama. Wannan ita ce alamar tsaye. Sai ka ɗan duƙa, ka yi tsalle da duk ƙarfinka, ka taɓa bangon. Yi sau 3, ka ɗauki wadda ta fi nisa. Ari tef ɗin awo wurin tela ko kafinta, ka auna tsakanin alamar tsaye da alamar tsalle. Abin da ka samu, shi ne tsallenka. Gwajin nan ya haura shekara 100. Wani likita Ba'amurke, Dudley Sargent, shi ya bayyana shi a 1921, kuma har gobe masu horarwa suna amfani da shi.

Bari mu yi lissafi tare. A ce alamarka ta tsaye ta kai mita 2 da santimita 40. Kana neman mita 3 da 20. Saura nawa? Santimita 80. In tsallenka na yau 55 ne, to 25 suka rage maka. Yanzu ka san girman aikin da ke gabanka. Rubuta shi a littafi, da kwanan wata. Ba kullum za ka auna ba. Duk bayan mako 4 ya wadatar, a bango ɗaya, a lokaci ɗaya na yini.

Af, ka auna zoben filinku shi ma. Da yawa mai walda ne ya haɗa su, an kafa da ƙiyasin ido. Wani ya gaza ƙa'ida, wani ya wuce.

Gajeru, kada lissafin nan ya karya muku gwiwa. A 1986 Spud Webb, mai tsayin kimanin mita 1 da santimita 70, ya ci gasar dank ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Wanda ya kayar a zagayen ƙarshe abokin wasansa ne, Dominique Wilkins, wanda ya haura mita 2. Nate Robinson, mai mita 1 da 75, sau 3 ya ci gasar: 2006, 2009 da 2010. 'Yan mata kuma ku ji, Lisa Leslie ta yi dank a gasar mata ta WNBA tun 2002.

Wannan ke nan game da awo. Yanzu mu shiga cikin jiki, mu ga daga ina tsalle yake fitowa.

Mutane da yawa sun ɗauka daga sha-raɓa yake fitowa, wato tsokar bayan ƙwauri. Tana da nata rabon, amma ƙarami ne. Manyan ma'aikatan su ne tsokar mazaunai da tsokar cinya, gaba da baya. Gaɓoɓi uku ne suke miƙewa kusan lokaci guda: ƙugu, gwiwa, idon sawu. Ƙugu, gwiwa, idon sawu. Su ne suke tura ƙasa, ƙasa kuma ta mayar maka da turin.

Ga inda wuyar take. Turin nan bai kai rabin daƙiƙa ba. In da gudu ka zo, ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba. Saboda haka ƙarfi kaɗai bai isa ba. Je ka kasuwar Aboabo, ka ga masu sauke buhunan masara daga mota. Ƙarfi kam Allah ya ba su. Amma ƙarfi ne na a-hankali, wanda ke ɗaukar lokaci kafin ya taru. Mai tsalle yana bukatar ƙarfin da zai fito gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Ƙarfi da sauri, a haɗe.

Akwai abu na biyu, agara. Taɓa bayan diddigenka, za ka ji wata igiya mai tauri. Ita ce agara, ita ke ɗaure tsoka da ƙashi. Akwai irinta a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Aikinta kamar na danƙon harbin tsuntsu ne: ka ja shi, ka sake nan take, dutse ya yi nisa. Haka agara take tara ƙarfi idan ka duƙa da sauri, ta sake shi idan ka miƙe. Bambancin kawai, in ka daɗe a duƙe, ƙarfin da ta tara ya zube.

Gwada da kanka a tsakar gida. Duƙa, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ka yi tsalle. Sake yi, amma wannan karon ka duƙa ka tashi a take. Na biyun zai fi nisa. Sai ka gwada wani: ka riƙe ƙugu da hannaye biyu ka yi tsalle, sannan ka sake hannayen, ka wurga su baya, ka wurgo su sama tare da tashinka. Za ka ga bambanci a bango. Hannu yana ƙara wa tsalle kashi 10 cikin 100, a wasu ma fiye da haka, ba tare da an ƙara ko ƙwayar tsoka ɗaya ba.

Masu cewa wane yana tsayawa a iska, ido ne ke ruɗinsu. Ko wanda ya tashi mita guda cur, zamansa a sama bai cika daƙiƙa ɗaya ba. Daga lokacin da ƙafarka ta bar ƙasa, magana ta ƙare. Duk aikin a ƙasa ake yin sa.

Yanzu mun zo gaɓar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Mai shara ya ɗan ajiye tsintsiya, mai tuƙa keken yalo-yalo ya ƙara murya. Maganar sauka ce.

Duk wanda ya tashi sai ya sauko. Kuma lokacin da ƙafa ta dira, nauyin da ke hawa kanta ya ninka nauyin jiki sau da yawa. A ciyawa, ƙasa tana shanye wani abu. A siminti ba ta shanye komai. Gwiwa ce ke biya. Filayen ƙwallon kwandonmu kuwa, a makarantu da cikin unguwa, galibinsu siminti ne. Hausawa suna cewa tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fito ba. Sauka ɗaya mara kyau tana iya raba yaro da fili shekara guda.

Ga yadda ake koyonta. Hau dakali ko matakala mai tsayin kamar santimita 20 zuwa 30. Kada ka yi tsalle, sako ƙafa kawai ka sauko. Ka dira da ƙafa biyu lokaci ɗaya. Gaban tafin ƙafa ya fara taɓa ƙasa, diddige ya biyo. Gwiwoyi su lanƙwashe, ƙugu ya koma baya, ƙirji ya ɗago. Ka tsaya cak a haka, ka ƙirga uku.

Abu biyu za ka lura da su. Na farko ƙara. In wanda ke ɗaki ya ji dirarka, tim, to ba ka iya ba tukuna. Saukar ƙwararre ba ta da ƙara. Na biyu gwiwa. Sa abokinka ya tsaya a gabanka, ko ya ɗauke ka a waya. Shin gwiwoyinka suna karkatowa ciki, suna neman haɗuwa? In haka ne, akwai haɗari. Kowace gwiwa ta kalli inda yatsun ƙafarta suke kallo. Karkatowar nan tana cikin abubuwan da ke tsinka wata jijiya da ke tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. In ta tsinke, mai son komawa wasa yakan bukaci tiyata da jinyar watanni masu yawa. 'Yan mata, ku kasa kunne da kyau, domin raunin nan ya fi samun mata 'yan wasa a kan maza.

Sauka 5, a huta, a sake 5, a huta, a sake 5. Mako 2 zuwa 3 ana wannan kafin a wuce gaba. In ta zauna da ƙafa biyu, a koma ƙafa ɗaya, daga wuri mafi gajarta. Na sani ba ta da daɗin kallo. Babu wanda zai tafa maka don ka sauko daga dakali. Amma duk mai horarwar da ya tsallake wannan mataki ya ci amanar yaran da aka ba shi. Ina maimaitawa: wanda bai iya sauka ba, kada ya nemi tashi.

Mu sha ruwa kaɗan, mu dawo kan ƙarfi.

[Gajeren kiɗa]

Madalla. Masu sauraro, har yanzu muna kan maganar tsalle a ƙwallon kwando, kuma mun iso gaɓar gina ƙarfi.

Wani zai ce ba shi da kuɗin shiga gidan ɗaga ƙarfe. Ba sai da shi ba, aƙalla a watannin farko. Kowane gida a Tamale akwai galan ɗin Kufuor, ruwan ɗorawar nan da muke ɗebo ruwa da shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Galan mai lita 20, in ya cika, kilo 20 ke nan. Ka cika rabi, kilo 10. Ga ƙarfenka nan, kuma kai ke ƙara masa nauyi yadda kake so.

Uban atisaye shi ne tsugunno. Ajiye benci a bayanka. Ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Sauka a hankali har mazaunanka su taɓa bencin, kada ka zauna, ka miƙe da ƙarfi. Diddige kada ya ɗaga. Baya kada ya gantsare, kada ya yi doro. Fara da jikinka kawai. In ka iya 15 ba tare da siffarka ta lalace ba, rungumi galan a ƙirji.

Bayansa sai hawa dakali da ƙafa ɗaya. Ɗora ƙafar dama a kai, ka hau da ƙarfinta ita kaɗai, ka sauko a hankali. Ka gama, ka juya hagu. Wannan yana tona asiri, domin kusan kowa yana da ƙafar da ta fi rauni, kuma ita ce kan fara jin ciwo. Sai na mazaunai: kwanta rigingine a tabarma, ka kafa tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama, ka matse, ka sauke. Na sha-raɓa kuma, tsaya a bakin matakala da gaban ƙafa, ka yi ɗage, ka sauko sannu a hankali har diddige ya wuce bakin matakalar.

Kowanne a yi sau 8 zuwa 12, a huta, a maimaita har zubi 3. Kwana 2 ko 3 a mako, ba a jere ba. In ya yi sauƙi a ƙara ruwa a galan. Ƙarin nan kaɗan-kaɗan shi ne sirrin. Jiki ba ya canzawa sai an nemi abin da ya ɗan fi na jiya.

Wata rana galan zai yi maka kaɗan. A nan ne ake bukatar ƙarfe na gaske da mai koyarwa da ya san aikinsa. Masu horarwa da dama suna son ɗan wasa ya iya tsugunno da nauyin da ya kai nauyin jikinsa da rabi kafin su sa shi tsalle mafi tsanani. Mai kilo 60, kilo 90 ke nan. Wannan aikin shekara ne ko fiye, kada a yi masa gaggawa.

Akwai maganar da ke yawo cewa ɗaga nauyi yana hana yaro tsawo. In da mai kula, da nauyi daidai ƙarfinsa, da siffa mai kyau, ba ya hanawa. Abin da ke cutarwa shi ne yaro ɗan shekara 13 ya shiga gasar ɗaga bulo da manya a bayan gida.

To, an koyi sauka, ƙarfi ya fara zama. Sai gaɓar da samari ke jira, atisayen tsalle kansa.

Masana suna kiransa pilayometirik. Kada sunan ya ba ku tsoro. Ma'anarsa tsalle-tsallen da ƙafa ba ta daɗewa a ƙasa, tana taɓawa tana tashi. Shi ke koya wa tsoka da agara fitar da ƙarfi da sauri. Wani mai horarwa na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Yuri Verkhoshansky, shi ya tsara shi ga 'yan tsalle da 'yan gudunsa, ya kuma yi suna a shekarun 1960.

Mu kuwa ba baƙonmu ba ne. Ku dubi 'yan mata suna ampe lokacin tara a makarantar firamare. Tafi, tsalle, ƙafa ta fita, a sake, a sake. Ku tuna langa, da yaro zai riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ya yi ta ɗingishi da ɗayar yana ture abokin karawa. Yarinyar da ta tashi tana ampe, da yaron da ya sha langa, sun riga sun gina agara da idon sawu ba su sani ba. Iyaye, ku bar ƙanana su yi wasanninsu. Ɗan ƙasa da shekara 12 ba ya bukatar wani tsari da ya wuce wannan, sai dai a ƙara masa tsallen igiya.

Ga manya, a bi shi hawa-hawa. A fara da tsallen igiya da ƙananan tsalle a wuri ɗaya, gwiwa kusan a miƙe, idon sawu ke aiki. Bayan makonni a shiga tsalle zuwa kan dakali, a hau da tsalle, a sauko da tafiya. A ƙara da dogon tsalle zuwa gaba da ƙafa biyu, a dira a tsaya cak. Can ƙarshe, bayan watanni, sai wanda Verkhoshansky ya shahara da shi: ka sauko daga akwati, ƙafarka na taɓa ƙasa ka tashi sama nan take. Santimita 30 ta isa farawa. Wannan na ƙarshe ba na sabon shiga ba ne, ba na mai ciwon gwiwa ba ne, ba kuma na yaron da ke tsakiyar girma ba ne.

Yanzu ku saurari ƙa'idar, domin a nan ake ɓata rawa da tsalle. Ana ƙirga sau nawa ƙafa ta dira. Sabon shiga kada ya wuce 80 zuwa 100 a zama ɗaya, in ma ya tsaya ƙasa da haka ya fi. Sau 2 a mako. Tsakanin wannan zama da wancan a bar aƙalla awa 48, wato kwana 2 cur. A yi 5, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake. Kowane tsalle da iyakar ƙarfi. Da zarar ka ga tsallenka ya fara raguwa, ka tsaya, aikin ranar ya ƙare. Tsallen gajiyayye ba ya koya wa jiki sauri.

Shi ya sa tsallen kwaɗo daga wannan bango zuwa wancan har yaro ya faɗi ba horo ba ne. Malamai, don Allah a daina kiransa atisaye.

Kuma a bar siminti. A nemi ciyawa, ko ƙasa mai ɗan laushi wadda aka share duwatsunta. A gefen filin ƙwallon ƙafa na makaranta akwai irin wannan wuri. Kafin a fara a ɗumama jiki minti 10, da sassarfa da wurga ƙafafu, har gumi ya tsatso.

A taƙaice zan taɓa tahowa da gudu, domin wannan a fili ake koyonsa. Wasu da ƙafa ɗaya suke tashi, wasu da biyu. Gwada duka, ka riƙe wanda jikinka ya fi so. Ka fara a hankali, ka ƙara sauri, taku na kusa da ƙarshe ya zama dogo don ƙugu ya sauka, na ƙarshe ya zama gajere mai sauri. Kada ka rage gudu a gindin kwando. Fara da ƙwallon tanis. In ta shiga, ɗauki ƙwallon raga. Sannan babbar ƙwallo, wadda nauyinta ya kai kimanin giram 600. Kuma kada ka yi lilo a jikin zobe. Duba gindin ƙarfen da ke riƙe da allon, ka tabbata tsatsa ba ta cinye shi ba.

Saura hutu da abinci, kuma kada kowa ya raina wannan gaɓa.

A fili ana gajiyar da tsoka ne. Ginuwarta a kan tabarma take, cikin barci. Matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10. Wanda ya raba dare yana latsa waya ya zubar da rabin wahalar da ya sha da yamma.

Abinci kuma muna da shi. Wake da shinkafa, ƙosai, ƙwai, wagashi, gyaɗa, waken soya, kifi, naman zabo in an samu, fura da nono. Waɗannan ke gyara tsoka. Tuwon zafi da doya da koko su ba da ƙarfin aiki. Ba sai ka zuba sidi a garin gwangwani da ake talla a intanet ba.

Ku kula da yanayin garinmu. A watan Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40. Simintin fili da tsakar rana yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. A yi atisaye bayan Asuba, ko in rana ta yi sanyi. A sha ruwa kafin a ji ƙishi. Da hunturu kuma jiki yana bushewa ba a sani ba, kuma sanyin safiya yana sa tsoka ta ɗaure, sai a tsawaita ɗumama jiki. Da azumi a rage yawan atisaye, a mayar da mai nauyin bayan buɗa-baki. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya kasance yana azumi yana buga NBA, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995, watan da ya dace da Ramadan. Amma shi ƙwararre ne, da likitoci a kewaye da shi. Kai bi a hankali.

Sai ciwo. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ba komai ba ne. Ciwon da ake tsoro shi ne wanda za ka iya nunawa da ɗan yatsa ɗaya, daidai ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, mai tashi in za ka hau bene ko ka tashi daga zama. Ana kiransa gwiwar mai tsalle, agarar wurin ce ta gaji. A yara masu tasowa kuma akan ga wani ƙullutu mai zafi a saman ƙashin ƙwauri. Duk wanda ya ga ɗayan biyun nan ya dakata da tsalle. In ya ƙi lafawa, ko gwiwa ta kumbura, ko ka ji ƙas lokacin sauka, a tafi asibiti. Akwai masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Tamale.

Kuma ina roƙonku da girman Allah, kada a sha tiramol don a danne ciwo a koma fili. Mun san ɓarnar da ƙwayar nan ta yi wa samarin garin nan. Ba ta warkar da agara. Kashe maka jin zafin kawai take yi, kai kuma ka ci gaba da yaga abin da ya fara yagewa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta ta a lokacin gasa tun daga Janairun 2024.

Wani zai tambaya, to in na bi duk wannan, nawa zan ƙaru? Zan gaya maka gaskiya. A 2007 wani masani ɗan ƙasar Kuroshiya, Goran Markovic, ya tattara bincike-binciken da aka yi kan atisayen tsalle. Ya samu cewa yana ƙara tsayin tsalle da kimanin kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Ga mai santimita 55, ƙarin 3 zuwa 5 ke nan bayan makonni na aiki. In aka haɗa da ƙarfi, da gyaran taku, da wurga hannu, aka jure shekara, abin yana taruwa ya yi auki, musamman ga wanda bai taɓa horo ba. Amma duk wanda ya ce maka a waya zai ƙara maka santimita 30 cikin wata ɗaya in ka tura kuɗi, riƙe kuɗinka.

Halitta ma tana da nata. Wani an haife shi da tsoka mai saurin harbawa, wani da dogon hannu. Ba kowa ne zai yi dank ba, ko da ya yi komai daidai. Wannan ba asara ba ce. Dank maki 2 ne, ƙwallon da aka ajiye a hankali ta jikin allo ita ma maki 2 ce. Santimita 10 da ka ƙara za ta sa ka riga abokin hamayya cafke ƙwallon da ta dawo daga zobe, ta sa ka tare harbinsa. Da waɗannan ake cin wasa. Shi kansa Olajuwon, golan ƙwallon ƙafa ne lokacin yana yaro, sai da ya zama saurayi ya fara ƙwallon kwando, kuma abin da duniya ta fi tuna shi da shi iya taku ne da tare ƙwallo.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ina da kira ga shugabannin makarantunmu, Tamasco da Ghanasco da sauransu, da 'yan majalisar unguwanni. In za a gyara filin ƙwallon kwando, a auna zoben ya zama daidai ƙa'ida. A cike ramukan siminti. A bar ɗan fili mai ciyawa a gefe don atisayen tsalle. Malamin wasanni ya ware minti 10 na farkon kowane horo don koyar da sauka, maza da mata. Wannan ba ya cin ko sidi ɗaya.

Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo daga fili yana ɗingishi, kada a ce masa ya daure shi namiji ne. A zaunar da shi, a ce ya nuna wurin da ɗan yatsa. In ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ya nuna, a hana shi tsalle, a kai shi a duba.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu.